Jan Kirtanin Calandria

"Mami, in yarinya ta kashe kare, kurkukun manya ake kai ta, ko akwai na yara?"

Maira Ledesma ta sauke butar ruwan zafi daga kan wuta, ta juyo a hankali. 'Yarta Brisa ce tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Shekararta bakwai. Idonta a bushe yake ƙam, irin na yaron da tsoro ya hana shi kuka.

"Wa ya ce kin kashe kare?"

"Fermín. Da don Bertone. Da kowa ma. Calandria ta mutu, Mami. Sun ga burodin da na ba ta."

Maira ba ta tsaya neman ɗayan takalmin ba. Ta kashe wuta, ta kama hannun yarinyar, suka bi ta gefen shingen waya zuwa ɗakin karnuka.

Rabin mazan garin Tres Talas sun riga su isowa, ga shi ko ƙarfe takwas na safiyar Lahadi ba ta yi ba. Mutanen da in saniyarka ta faɗa rami sai ka bi su gida gida kana roƙo, yau ga su tsaitsaye da hulunansu, kowa da ƙoƙon mate, shayin ganyen ƙasar, a hannu, suna zuƙa suna girgiza kai. Sun tattake ƙasar wurin kaf, kamar an koro garke ta ciki.

Calandria tana kwance a kan buhu. Baƙar karya ce, doguwa, siririya, wadda ba a taɓa yin karen tsere kamarta ba a wannan yanki. A gefenta siminti ya ɓaci da wani abu mai duhu. Can a kusurwa kuma ga guntun torta frita, soyayyen burodin da Maira ta yi da hannunta jiya da yamma.

"Ga ta nan," in ji Fermín, ɗan maigida, yana tsiyaya ruwa a ƙoƙo da hannun hagu. "Ni na gan ta da idona jiya tana tura mata abu ta cikin waya."

Maigidan, don Anselmo Urrutia, ya juyo. A ƙasar nan "don" laƙabin girmamawa ne na namiji, "doña" na mace. Filin nasa ne, shanun nasa ne, karnukan nasa ne, har gidan da su Maira suke ciki nasa ne, don mijinta Nahuel shi ke kula masa da dabbobi. A garin ana ce masa Don Kwana Sha Biyar, saboda wa'azin da yake yi wa duk wanda ya zauna kusa da shi: kare in ya yi tsere, kwana uku tattaki kawai zai yi a kan ciyawa mai raɓa, a jiƙa masa ƙafa a ruwan gishiri, a murza masa baya, a ba shi romo. Sai sati ya zagayo ya fara sassarfa. Ba zai sake ganin fatar zomon da ake ja wa karnuka su bi a tsere ba sai kwana goma sha biyar sun cika.

"Dubi fitsarinta," in ji shi. "Jini ne. Maganin ɓera ne. Karyar da take hutu tun Lahadin da ta wuce, me zai kashe ta in ba guba ba?"

"Don Anselmo, yarinya ce. Ina za ta samu guba?"

"A gidanku akwai maganin ɓera ko babu?"

"Gidan wa ne babu?"

"To. Ko ita ta ɗauka da wauta, ko wani ya ba ubanta abin da ya ba shi, shi kuma ya aiko ta. Ban damu da wanne ba ne. Gobe da azahar in ga gidana babu kowa."

Nahuel yana tsaye a jikin bango, hularsa a hannu. Kofur, ɗan sandan garin, ya sa guntun burodin a leda, ya ɗaure, ya tambayi ko tseren yamma yana nan duk da haka. Aka ce yana nan. Sai hankalin kowa ya kwanta.

Brisa ta matse hannun uwarta har ƙumba ta shiga nama.

* * *

Mahaifin Maira, marigayi don Eusebio, mai bin sawu ne. Shekara arba'in ana kiransa duk inda aka saci shanu, kuma tun tana ƙaramarta yake ɗora ta a gaban sirdi yana nuna mata ƙasa. Bai bar mata fili ko doki ba. Ido ya bar mata.

Da taron ya watse ta aika Brisa gida tare da ubanta, ta durƙusa gaban gawar. Ta danna bayan karyar: tauri kamar katako, ga kumburi daga kafaɗa har ƙugu. Ta buɗe bakin, dadashi fes, babu ɗigon jini. Ta dangwali abin da ke kan siminti ta duba a rana. Ba ja ba ne, baƙi ne kamar ragowar kofi. Ta taɓa ganin irinsa sau ɗaya, a ƙarƙashin wani dokin sata da ɓarawo ya kora kwana biyu ba hutu. Mahaifinta ya ce mata a ranar, naman jikin dabba ne ke narkewa ya bi ta ƙoda.

Ta ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Tafin ya sule, har ɗaya ya tsage. Karyar da ta yi sati tana taka raɓa ba ta da irin wannan ƙafa.

Ta zagaya ta ƙofar baya, inda 'yan kallo ba su bi ba. Daga nan zuwa titin tsakuwa ciyawa ce, ba ta riƙe sawun mutum. Amma kare ba ya bin tsakiyar hanya, jikin shinge yake bi yana shinshina, kuma jikin shingen nan ƙasa ce tsirara. Ranar Laraba an yi ruwa. Wannan ya isa.

Sawu na farko ruwa ya ɗiɗɗiga a kansa, ke nan kafin Laraba ne: taku mai tsawo, daidai wa daida, fita da dawowa. Na biyu ya nutse a taɓo ya bushe a haka, ke nan Alhamis: ƙafar baya ta dama tana rage taku. Na uku sabo ne a kan ƙura, na jiya. Ƙumba tana jan ƙasa. Maira ta bi shi har bakin tsakuwa, ta dawo tana neman na dawowa. Babu. Jiya Calandria ta fita da ƙafarta, amma a hannu aka shigo da ita.

Ta sami Nahuel zaune a kan akwatin da ya riga ya fara ɗaurewa.

"Kwance wannan igiyar. Wa ke fita da ita ta baya?"

"Ta baya? Ba kowa. Ni ta gaba nake fita da ita da sassafe."

"Da rana fa?"

"Kin san sati guda ina can makiyayar ƙasa ina gyaran waya. Daga sha biyu har biyar ba ni nan. Kowa na barcin rana."

"Ba ka ga tana ɗingishi ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gani ran Laraba. Na gaya wa maigida, ya ce gajiyar Lahadi ce, wa ya koya mini karnuka. Jiya da yamma ta ƙi tashi, na sake gaya masa, ya ce zafi ne, in bar ta."

"Kai kuma ka bar ta."

"Maira, me zan yi?"

Ta juya ta fita.

* * *

Bertone mahauci ƙanin matar don Anselmo ne, shi ke kawo wa karnuka nama. Ta same shi a shagonsa yana ɗura chorizo, niƙaƙƙen nama a cikin hanji, yana ɗaure kowane da kirtani: ya naɗa sau biyu, ya soka, ya fizge. Hannunsa yana yi ba tare da ya duba ba.

"Ah, 'yar don Eusebio! Kin zo bin sawun tsoka ko na haƙarƙari?"

"Na zo tambaya. Ran Alhamis kai ka kai nama?"

"Kullum ni ne. Na ajiye na tafi. Kada ma ki kalli namana, naman da bishop zai ci ne."

"Ka ga karyar?"

"Na ga wutsiyarta." Ya goge gumi da bayan hannu. "Ji nan, 'yata, ni ban ce yarinyar ta yi da gangan ba. Yara ai sai a hankali. Amma in kina neman mai mugun nufi, je ki wurin Peralta. Shekara biyu Calandria tana watsa wa karnukansa ƙura. Wa ya san abin da ya miƙa wa mijinki?"

"Mijina ko ƙwan kazar maigida ba ya ɗauka sai ya tambaya."

"To Peralta ɗin dai." Ya naɗa, ya soka, ya fizge. "Ki ɗauki biyu ki kai wa yarinya."

"Bar su. Ta ƙoshi da abin da kuka ba ta da safe."

Casimiro Peralta yana filin tsere tun da hantsi, a inuwar a-kori-kurarsa, yana wanke wa wani jan kare ƙafa a bokiti. Tsoho ne mai bakin tsiya, shi da don Anselmo ba su gaisa ba tun wani tsere da aka yi gardamarsa kafin a haifi Maira.

"An ce kai ka sa guba," in ji ta.

"An ce ni na kawo farin bara ma." Bai ɗago ba. "In zan sa wa wani guba a gidan Urrutia, ai ba karyar zan fara da ita ba."

"Amma mutuwarta ta yi maka daɗi."

Sai ya ɗago. "Yarinya, shekara hamsin ina wannan abu, ban ga mai gudu kamarta ba. Me zai sa in kashe karyar da ta riga ta ƙare? Wannan jan banzan da kike gani, da ko inuwarta ba ya kamawa, ya wuce ta da tsawon jiki uku."

"Yaushe? Ran Lahadi ita ta ci."

Peralta ya mayar da ƙafar karen cikin bokiti, ya daɗe yana murzawa.

"Na tsufa. Kwanaki suna rikice mini."

"Don Casimiro, 'yata ta tambaye ni ko akwai kurkukun yara."

Hannunsa ya tsaya. "Na yi wa mutum alkawari, kuma ni ba Urrutia ba ne da zan ci alkawari. Ki duba kusa da gida. Abin da zan ce ke nan."

* * *

Ta dawo da azahar da sawu uku a kanta, ba sunan mutum ko ɗaya. Ta san me ya kashe karyar. Amma ta san mazan garinsu: in ta ce ƙasa ce ta gaya mata, za su yi dariya su ce ƙasa ba ta zuwa shaida.

Brisa tana ƙarƙashin tebur, ta ƙi cin abinci. Maira ta shiga ta zauna kusa da ita.

"Gaya mini jiya. Kin ba ta burodi, sai me?"

"Ba ta ci ba. Ko kai ba ta ɗaga ba. Sai na zura hannu ina shafa wuyanta, ina ƙirga mata ƙullinta, don tana son haka." Ta ja hanci. "Mami, na ɓata lissafi. Malama ta ce na iya, ashe ban iya ba."

"Wane lissafi?"

"Ran Lahadi goma sha ɗaya ne. Jiya na samu goma sha huɗu. Sau uku ina sakewa."

Maira ta tuna da jan kirtanin.

Kowane karen tsere a Tres Talas yana da jan kirtani a abin wuyansa, don bakin mutane da idonsu. Kafin a sake shi a fili, wanda ya riƙe igiyar zai ƙulla ƙulli ɗaya a ƙarshen kirtanin, idonsa a kan hanya, ba a duban hannu. Mazan nan za su iya mance ranar haihuwar 'ya'yansu, za su iya mance hanyar coci. Amma babu wanda zai saki kare bai ƙulla ba, ko da sato shi ya yi.

Kuma da safen nan wuyan Calandria babu komai.

"Kin iya lissafi," in ji Maira. "Kin fi duk garin nan iyawa. Fito ki ci abinci."

Doña Elvira, matar don Anselmo, tana kicin ita kaɗai tana fere kabewa. Mace ce mai shiru, wadda filin nan gadon mahaifinta ne, ko da yake shekara talatin ke nan ba wanda ya tuna da hakan a fili.

"Doña, wa ya cire abin wuyan?"

"Ni. Da asuba na same ta. Ban so a binne ta da shi." Ta zaro shi daga aljihun rigar girki. "Me za ki yi da shi?"

Maira ta shimfiɗa kirtanin a kan tebur, ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa. Sannan ta juya shi ga matar, ta nuna mata ukun ƙarshe.

Doña Elvira ta sa tabarau. Ta yi shekara ashirin da biyar tana kwance igiyar takalmin ɗanta, ta yi hamsin tana yanke kirtanin ƙaninta, ta yi talatin tana ganin yadda mijinta ke ɗaure doki. Ta daɗe tana kallo. Sai ta cire tabarau, ta ninke shi, ta cire rigar girkin.

"Ƙarfe nawa suke gama tsere?"

* * *

Da la'asar duk suna rumfar ƙungiyar masu tseren karnuka a gefen fili, nama yana kan garwashi. Don Anselmo a kan tebur, ana yi masa ta'aziyya kamar uwarsa ce ta rasu. Fermín a damansa, Bertone yana juya chorizo, Peralta can nesa shi kaɗai. Kofur yana cin haƙarƙari, ledar shaida a gefen farantinsa.

Maira ta shigo riƙe da hannun Brisa, doña Elvira a bayanta, Nahuel a bayan kowa.

"Kofur, ara mini gubar nan."

Kafin ya haɗiye lomarsa ta kwance ledar, ta karkaɗe ƙurar burodin, ta gatsa. Ta tauna a hankali tana kallon don Anselmo, ta haɗiye, ta cinye sauran.

"Ya bushe," in ji ta. "Kuma na cika gishiri. In na faɗi, ku kama 'yata. In ban faɗi ba, ku saurare ni."

Ba wanda ya yi dariya.

"Don Anselmo, ran Lahadi Calandria ta yi tserenta na nawa?"

"Na goma sha ɗaya. Kowa ya sani."

Ta ajiye abin wuyan a tsakiyar tebur. "Brisa, ƙirga musu. Da ƙarfi."

Yarinyar ta ɗora yatsa. Ta fara ƙirgawa. Da ta wuce goma sha ɗaya rumfar ta yi tsit, har ana jin kitse yana ɗiga a wuta. Goma sha biyu. Goma sha uku. Goma sha huɗu.

"Na goma sha biyu a karkace yake," in ji Maira. "Bakinsa hagu ya kalla. Bahago nawa ne ke da makullin ɗakin karnuka?"

Fermín ya ajiye wuƙarsa, ya ɓoye hannun a ƙarƙashin tebur, kamar hakan zai mayar da shi badame.

"Gwaji ne kawai, Papa! Ran Talata. Abokaina sun zo daga birni, sun ce ba su yarda ba. Mita ɗari biyu ne, ko gumi ba ta yi ba."

"Kai ɗan banza! Kwana biyu da tsere?" Don Anselmo ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. "Sau nawa na gaya maka..."

"Zauna tukuna, don Anselmo, ba mu gama ba." Maira ta miƙa hannu ta ɗauko chorizo ɗaya daga tire, ta ajiye shi kusa da kirtanin. "Na goma sha uku an naɗa sau biyu, an soka, an fizge. Ku duba wannan, ku duba wancan."

Wani a baya ya tuntsire da dariya, ya toshe baki da hula.

"Haba, ai kowa na iya irin wannan ƙullin," in ji Bertone.

"Ban taɓa ganin wanda ya iya ba sai kai," in ji doña Elvira. "Tito, ƙanina, dube ni."

Bai iya ba.

"Alhamis, ƙarfe biyu, bayan tsohuwar tashar jirgi," in ji Peralta daga inda yake, yana sakace. "Ni ban faɗa ba, kirtani ne ya faɗa. Ƙasa da laima, ta zame a tashi, ta gama da ƙafa uku. Na ce masa ya kai ta wurin likita, ya ce zai ba ta hanta."

"Ni na ɗauka kwana huɗu ta huta!" in ji Bertone. "Ina na san yaron nan ya riga ni?"

Don Anselmo ya buga tebur. "Ɗana da surukina! A gidana! Kun kashe mini karya, kun bar ni ina zargin bayin Allah. Nahuel, ka ji, ka zauna a gidanka, magana ta wuce." Ya miƙa hannu zai ɗauki abin wuyan.

Maira ta dafe shi.

"Saura ɗaya."

"Wannan nawa ne, na ran Lahadi."

"Na ran Lahadi ga shi can sama, ya yi baƙi da datti. Wannan yana bayan na mahauci, kuma ƙullin ɗaure doki ne, irin goma sha ɗayan farko sak. Mutum ba ya ƙulla Lahadi a bayan Alhamis. Jiya ka ce wa doña Elvira ka tafi kasuwar shanu. Karyar ta fita tana jan ƙumba a ƙasa, a hannu aka dawo da ita. Ina ka kai ta?"

Don Anselmo ya janye hannunsa.

"Anselmo," in ji matarsa.

"San Braulio," ya ce, da ƙyar. "Akwai babban tsere. Na sa ta da wani suna. Kwana shida ai... kwana shida ba laifi ba ne ga karya kamarta. Sau ɗaya ne."

"Kwana sha biyar dai," in ji Peralta. "Ko wa'azin namu ne mu kaɗai?"

"Ta zo ta nawa?" in ji Maira.

"Ba ta ƙarasa ba."

"Sai ka ɗora ta a bayan mota, cikin zafin ranar Janairu, tsakiyar bazararmu, tafiyar awa biyu. Ka kwantar da ita, mijina ya ce ba ta tashi, ka ce zafi ne. Su waɗannan biyun wawaye ne, kowa ya saci nasa yana ganin shi kaɗai ne. Amma kai ka ɗauke ta a hannunka, ka ji yadda bayanta ya sandare. Ka wayi gari ka ga guntun burodi, ka ce Allah ya kawo maka mafita."

"Na ce gidan ku zauna. Me kuma kike so?"

"Gidan ba naka ba ne da za ka ba su," in ji doña Elvira, a sanyaye. "Suna nan har sai sun gaji."

"Ba gida na zo nema ba," in ji Maira. Ta tura Brisa gaba kaɗan. "Gaya mata. Ba ni ba, ita."

Don Anselmo ya dubi mazan da ya yi shekaru yana koya wa yadda ake riƙe kare. Duk suna kallon farantinsu, ban da Peralta. Ya sunkuyo, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Ba ke ba ce, yarinya."

"Wa ne ne?" in ji Brisa.

Yarinyar tana jira, don ita da gaske take tambaya.

"Ni ne."

Brisa ta yi nazarinsa. Sannan ta juya wurin kofur, wanda har yanzu ƙashi na hannunsa.

"To shi kurkukun manya za a kai shi?"

Ba a kai kowa ko'ina ba. Kofur ya ce karyar mutum dukiyarsa ce, ya nemi a miƙo masa gishiri. Sai a hanyar gida ne Brisa ta fashe da kukan da ta riƙe tun safe, ubanta ya saɓa ta a kafaɗa, ta yi ta yi har rigarsa ta jiƙe.

* * *

Calandria ta bar ƙanwa, wata toka-toka da ba ta kai ta gudu ba. Makullin ɗakinta yanzu ɗaya ne, yana rataye a wuyan Maira. Kowace yamma Brisa tana zuwa ta ƙirga ƙulli, kuma ba a taɓa samun ya ƙaru ba sai an ga kwana goma sha biyar a kalandar kicin ɗin doña Elvira. Don Anselmo ya daina wa'azi. Yara dai ba su daina kiransa da sunan nan ba, sai ma da suka ƙara ƙarfin murya.

Kai mai karatu, in kana da dabbar da ke yi maka gudu, kada ka tambaye ta ko ta gaji. Irin waɗannan karnuka in suka ga fatar zomo za su tashi ko da ƙodarsu tana ruɓewa, don ba su san a'a ba. Kai ne za ka ce a'a a madadinsu, ka kulle ƙofa, ka duba tafin ƙafa da fitsari da idonka, kada ka yarda da "sau ɗaya ne" daga bakin kowa, har da naka. In kuwa ka kashe abinka da hannunka, ka tsaya ka ɗauki kayanka. Kada ka waiga neman ƙaramin da ya fi kowa rashin baki a wurin. Yana da uwa, kuma tana kallon inda ka taka.